Daga Reshe Zuwa Katako: Yadda Ake Sarar Icce a Yamai Ba Tare da Ɓarna Ba

Da zarar watan Mayu ya kama, hadari ya fara haɗuwa daga gabas, sai masu gidaje a Yamai su tuna da itatuwan da ke tsakar gidajensu da ƙofofinsu. A lokacin ne ake jin saran gatari da kukan injin zarto a unguwanni, daga Bukoki har Harobanda, kuma kafin sati ya zagayo sai a tarar da iccen dogon yaro mai shekara ashirin an guntule masa kai, ya koma gungume tsaye a rana. Mai gida ya biya kuɗinsa yana ganin ya tsare rufin ɗakinsa daga iska, alhali kuwa haɗarin da yake gudu ya ɗage shi ne kawai zuwa shekara biyu ko uku masu zuwa, kuma idan ya dawo ya fi na farko muni.

Dalilin yana cikin yadda icce yake tofo. Reshen da ya girma tare da uwarsa tun yana ƙarami a dunƙule yake da ita har can ciki, kowace shekara sabon itace yana ƙara ɗaure su. Tofon da ke fitowa bayan an guntule kai kuwa daga ƙarƙashin ɓawo kawai yake tsirowa, yana miƙewa da sauri, ya yi tsawo da nauyin ganye, amma gindinsa a manne yake a gefen babban rauni da ruwan sama ke kwanciya a kansa yana ruɓar da shi. Irin waɗannan rassan ne iskar farkon damina take ɓallewa ta jefa a kan kwano. Aikin icce yana gyaruwa ko ya lalace ne tun kafin ƙarfe ya taɓa ɓawo, wato a wajen zaɓen abin da za a yanke, da gurbin da za a yanke shi, da kuma lokacin.

Dubawa da neman izini

Kafin a kira mai sara, mai gida ya kamata ya zagaya iccen da kansa, ya fara daga ƙasa. Idan ƙasa ta ɗago ko ta tsage a gefe guda na gindin, musamman bayan ruwa mai iska, alama ce saiwoyi sun fara saki. Idan an haƙa ramin shadda ko harsashin katanga kusa da gindin aka datse manyan saiwoyi, iccen ya rasa madogara ta wannan ɓangaren ko da ganyensa kore shar ne. A duba hanyoyin gara da ke hawa jikinsa, a ƙwanƙwasa gindin da ƙotar gatari a saurara, domin icce mai lafiya sautinsa a toshe yake, mai kogo kuwa amsawa yake yi. Sannan a ɗaga kai a nemi busassun rassa, da waɗanda ke gugar juna, da kaucin da ya kama wasu, da kuma gurbin da icce ya rabu gida biyu a matse har ɓawo ya shige tsakaninsu, domin a nan ne ya fi yawan tsagewa. Kada a manta da zuma. Mutumin da ke saman icce da ƙarfe a hannu ba shi da wurin gudu idan ta taso masa.

Akwai kuma batun doka. Dokar gandun daji ta Nijar, mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yunin 2004, ta ɗora kula da itatuwa a kan ma'aikatan muhalli da gandun daji, kuma akwai itatuwan da hukuma ta daɗe da ba su kariya ta musamman, irin su gawo, kuka, tsamiya, giginya, goriba, ɗorawa, kaɗanya, aduwa da maɗaci. Kasancewar icce a cikin fili ko gonar mutum bai ba shi damar kayar da shi yadda ya ga dama ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a je ofishin muhalli na da'irar da gidan yake, cikin da'irori biyar na birnin, a bayyana irin iccen da dalilin sararsa, a karɓi takarda kafin a fara. Iccen da ke bakin titi kuma sai an sanar da ma'aikatar magajin gari. Itatuwan shingen nan na dogon yaro da turare da aka fara dasawa a kewayen Yamai a 1965, don kare birnin daga iska da ƙura, dukiyar jama'a ce, kuma abin da ya rage daga cikinsu bai kamata wani ya ɗora masa gatari ba.

Idan reshe ya kusanci wayar lantarki, to aikin ya fita daga hannun mai gida da mai sara baki ɗaya. Ɗanyen itace yana ɗaukar wuta, tsanin ƙarfe ma haka, saboda haka sai a sanar da kamfanin lantarki na NIGELEC a jira ma'aikatansa.

Wani abu da ake rainawa shi ne yadda ake ƙulla ciniki da mai sara. Sau da yawa za ka ji ya ce, "Alhaji, ba sai ka ba ni ko dala ba, ka bar mini itacen kawai." Mai gida sai ya ga ya samu araha. Amma wanda ladansa itace ne, ribarsa tana cikin yawan abin da ya sare, don haka zai bi manyan rassa masu lafiya ya bar ƙananan busassu da aka kira shi dominsu. Ya fi kyau a biya shi kuɗin aiki, a nuna masa rassan da za a cire ɗaya bayan ɗaya a shafa musu alli ko fenti, sannan a yi cinikin itacen daban bayan ya sauko.

Yadda ake yanke reshe

A dubi gurbin da reshe ya haɗu da uwarsa da kyau. Za a ga wani ɗan kumburi ya zagaye gindin reshen, ta sama kuma ɓawo ya tattare ya yi ɗan tudu. Wannan kumburin shi ne wurin da icce yake gina katangar da ke hana ruɓa shiga cikinsa. Wani masanin gandun daji na Amurka, Alex Shigo, wanda ya tsaga itatuwa masu ɗimbin yawa yana bin sawun ruɓa a cikinsu, ya bayyana a shekarun 1970 cewa icce ba ya warkar da rauni yadda fatar mutum take yi, sai dai ya killace wurin da ya lalace, ya ci gaba da yin sabon itace a kansa. Saboda haka ana yanka ne dab da bayan kumburin, ba a taɓa shi. Wanda ya shafe reshe daidai da jikin uwar ya rushe katangar, wanda kuma ya bar guntu mai tsawon taki ya bar wa gara da ruɓa hanyar shiga. Ana gane yankan da ya yi kyau bayan damina guda: sabon nama zai zagaye bakin raunin ta kowane gefe kamar awarwaro, yana matsowa tsakiya a hankali. Idan ya fito ta gefe biyu kawai, sama da ƙasa suka zauna a bushe, an yanka ya wuce ƙima.

Reshen da ya fi ƙarfin a riƙe shi da hannu ɗaya ba a cire shi da yanka guda, domin kafin zarto ya ƙarasa, nauyinsa zai karya shi ya saɓule ɓawon uwar har ƙasa, kuma irin wannan raunin yana ɗaukar shekaru bai rufe ba. Yanka uku ake yi. Na farko daga ƙasan reshen, kimanin santimita 30 daga gindinsa, a shiga kamar kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa. Na biyu daga sama, ɗan gaba da na farko ta wajen ganye, a ci gaba har reshen ya faɗi. Yankan ƙasan nan shi zai tsayar da tsagewar. Sai na uku, wanda ake cire guntun da ya rage a bayan kumburin cikin natsuwa, tun da yanzu babu nauyin da ke jan sa. Idan akwai rufi ko katanga a ƙasa, sai a ɗaure reshen da igiya mai ƙwari, a rataya ta a wani reshe na sama, mutanen ƙasa su sassauta a hankali, kuma a sauke shi gunduwa-gunduwa daga ƙarshensa.

Idan tsawon icce ne ya dami mai gida, akwai hanyar rage shi ba tare da guntulewa ba. Ana bin dogon reshe a dawo baya har inda wani ƙaramin reshe ya fita daga jikinsa, wanda kaurinsa ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na babban, a yanke a nan, ƙaramin ya gaji wurin. Kada a cire fiye da rubu'in ganyen icce a shekara guda. Tsohon icce ma ƙasa da haka ya fi masa. In aikin yana da yawa, a raba shi shekara biyu.

Wani zai ce ai a kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, ana guntule dogon yaro kuma bai mutu ba. Gaskiya ne. Layukan kare iska da aka fara dasawa a can a 1975, a yankin Buza, da taimakon ƙungiyar CARE, ana sare kawunansu don samun sanduna da itacen girki. Sai dai wannan noman sanduna ne a fili, ana komawa a girbe tofon bi da bi kafin ya yi nauyin da zai ɓalle, kuma ba wanda yake shimfiɗa tabarma yana kwana a ƙarƙashinsa. Wanda ya guntule na tsakar gida ya ɗaukar wa kansa wannan hidimar har abada, kuma galibi ba a komawa sai reshe ya faɗo.

Ba a shafa wa rauni komai. Fenti da kwalta da tsohon baƙin mai da ake shafawa da niyyar taimako suna riƙe danshi ne a ciki, kuma baƙin man yana ƙona naman da zai rufe wurin. Haka nan cika kogon icce da siminti ba ya ƙara masa ƙarfi, sai dai ya zama tarko ga wanda zai sa inji a wurin wata rana. Abin da ke taimakon rauni shi ne ƙarfe mai kaifi da yanka mai santsi, shi ya sa ƙaramin zarton hannu ya fi adda a wannan aikin, domin adda tana farfasa bakin wurin. Reshen da kauci ya kama kuwa a yanke shi can baya da inda kaucin ya zauna, tun da saiwarsa ta riga ta shiga cikin itacen.

Game da lokaci, watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sun fi dacewa da yawancin itatuwan inuwa. Babu ruwan da zai kwanta a rauni, mai aiki ba ya fama da zafin da ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, kuma iccen zai samu sararin yin sabon ganye kafin bazara ta tsananta. Mangwaro ana rage shi ne da zarar an gama cire ƴaƴansa, domin wanda ya jira har ya kusa fure ya sare amfanin shekara da hannunsa. Gawo nasa tsarin daban ne, tun da da damina yake zubar da ganye ya yi kore da rani, kuma idan makiyayi ya yi masa kwalkwabo don dabbobi, ƴaƴan da zai zubar a shekarun da ke biye raguwa suke yi ƙwarai. Busasshen reshe ko wanda ya tsage ba shi da lokaci, ranar da aka gan shi ita ce ranar cire shi. Mafi sauƙin aikin duka kuwa shi ne wanda ake yi wa dashe a shekarunsa uku na farko, a zaɓa masa kai guda, a cire kishiyarsa da wuƙa tun tana kaurin yatsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma masu dasawa ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa ta ƙasa, da za su riƙa komawa da wuƙa a aljihu, da an huta da rabin saran da ake yi a birnin nan.

Injin zarto

A kasuwa ana samun Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin, ana kuma samun masu araha da yawa, wasu har da sunan waɗancan a jikinsu alhali jabu ne. Kafin a saya, a fara tambayar ko ana samun sarƙarsa da bujinsa da matatar iskarsa a gari. Don aikin gida da lambu, inji matsakaici mai harshe, wato ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa, na santimita 35 zuwa 45 ya wadatar. Babban inji a hannun wanda bai saba ba gajiya yake kawowa, gajiya kuma ita ce ke jawo kuskure.

Injin nan ba ya shan fetur zalla. Ana haɗa masa da man da aka yi domin irinsa, kuma ma'aunin da manyan kamfanonin suka bayar ga mai mai kyau shi ne kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a lita 5 na fetur. A auna da sirinji ko kwalba mai ma'auni, kada a yi da ido. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya a tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba, kuma haɗin da ya wuce wata guda a ajiye a zafin nan namu gara a yi sabo. Tankin na biyu na man sarƙa ne, a cika shi duk lokacin da aka zuba fetur. Don a tabbatar yana fita, a nuna kan harshen ga wani kututture mai haske a ba injin wuta, za a ga siririn layin mai ya fantsama a kai. Ƙonannen man mota da ake zubawa don tsimi yana ɗauke da garin ƙarfe wanda ke cinye famfon da harshen.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar inji a Yamai. Da hunturu, a buɗe matatar iska a kakkaɓe ta kullum bayan aiki. Ɓawon itatuwanmu cike yake da rairayi, gara kuma tana shigar da ƙasa har cikin kogo, saboda haka sarƙa tana dakushewa da wuri; yana da kyau a kankare ɓawon da adda a gurbin da za a yanka. Itatuwan bakin titi kuma akwai ƙusoshi da wayoyi da masu shaguna suka buga shekaru da suka wuce, itace ya haɗiye su. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa manya-manya, tana jan kanta cikin itace. Idan ta fara fitar da gari mai laushi, ko sai an danna ta, ko tana karkata gefe guda, a tsaya a wasa ta. Ana wasawa da zagayayyen magagari daidai da girman haƙoran, milimita 4 ga ƙananan sarƙoƙi, 4.8 ga matsakaita, 5.2 ko 5.5 ga manya, a riƙe shi a karkace kimanin digiri 30, a tura daga ciki zuwa waje, kowane haƙori a yi masa adadin gugar da aka yi wa ɗan'uwansa. Ɗaurin sarƙa kuma ya zama ba ta lilo a ƙasan harshen, amma ana iya jan ta da hannu idan injin yana kashe.

Haɗarin da ya fi kowane saurin zuwa shi ne harbin inji. Idan saman ƙarshen harshen ya taɓa wani abu sarƙa tana gudu, injin yana tashi sama ya nufo fuskar mai riƙe da shi cikin ƙiftawar ido, kuma sarƙar tana gudun kimanin mita 20 a daƙiƙa guda. Don haka hannu biyu ake riƙewa, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙin gaba, mutum ya tsaya ɗan gefe da layin yankan, kada ya ɗaga inji sama da kafaɗarsa, kada kuma ya yi aiki da shi a kan tsani. Birkin sarƙa, wato marfin da ke gaban hannun hagu, a gwada shi kowace safiya, injin da birkinsa ya mutu kuma a ajiye shi. Abin takaici ne yadda ake ganin samari suna wannan aiki da silifa da babbar riga mai lilo. Hular kwano, tabarau, abin toshe kunne, safar hannu da takalmi mai rufi su ne mafi ƙarancin abin da ya kamata, domin ƙarar injin ta haura desibel 100, kuma kurumtar da take jawowa ba ta warkewa. Kada mutum ya yi aiki shi kaɗai. Idan tsautsayi ya auku, a danne raunin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi, kada a zuba ƙasa ko mai, a garzaya asibiti, a kuma tambayi allurar tetanus.

Kayar da icce

Idan ta tabbata sai an kayar, a fara duba inda iccen ya karkata da inda nauyin rassansa ya fi yawa, domin can yake son faɗawa, kuma jayayya da shi sai gwani mai igiya da weji, wato abin da ake cusawa cikin yanka don kada ya rufe. A kori yara da ƴan kallo zuwa nisan da ya ninka tsawon iccen sau biyu. A share hanyar gudu ta baya a karkace, kada ta zama daidai bayan gindin, domin gindi yakan yi tsalle baya. Ranar da ake iska a bar aikin.

Ta gefen da ake so ya faɗa ake fara yanke baki: yanka ɗaya a karkace daga sama, ɗaya a kwance daga ƙasa, su haɗu daidai, zurfinsu kamar kashi ɗaya cikin biyar zuwa rubu'in kaurin gindin. Sannan a koma baya a yi yankan kayarwa a kwance, ɗan sama kaɗan da ƙasan bakin. A nan ne gwaninta take: ba a ƙarasa yankan. Ana barin wani ɗan tsiri na itace tsakaninsa da bakin, mai kauri kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin gindin, kuma shi ne ke riƙe iccen yana jagorantarsa har ya kwanta inda aka nufa. Wanda ya cinye wannan tsirin ya saki icce ya faɗi inda ya ga dama. Da zarar yankan ya yi zurfi a sa wejin itace ko na roba don kada ya danne harshen, kuma da iccen ya fara tafiya a daina ba injin wuta, a ja da baya ana kallonsa. Icce mai kogo, ko wanda ya karkata sosai, ko wanda ke tsakanin ɗakuna, ba a yi masa haka. Daga sama ake sauke shi gunduwa-gunduwa, kuma aikin mai igiyar ɗaure ƙugu ne wanda ya saba.

Bayan ya kwanta ma a yi hattara, domin rassan da suka danne a ƙasa a tanƙware suke, suna iya zabura idan an yanke su. A tsaya ta gefen tudu, a duba ta inda itacen ya matse da ta inda ya miƙe, a fara ɗan yanka ta wajen matsin kafin a ƙarasa ta ɗaya gefen.

Itace, katako da kasuwa

Yawancin gungumen da ake kayarwa a Yamai a murhu suke ƙarewa, alhali wasu sun fi haka daraja. Dogon yaron da ya manyanta cikinsa ja ne, yana da ƙarfi, ƙwari ba su cika damunsa ba, kuma kafinta zai fitar da benci ko ƙyaure daga gare shi. Turare miƙaƙƙe yana ba da sandunan gini da na rumfa. Kafin a daddatsa gungume a kira masassaƙi ko kafinta ya gani, domin da zarar an yanka shi guntu-guntu ciniki ya koma na itacen girki. Don sanin yawansa, a auna kewayen tsakiyarsa da mita, a ninka adadin da kansa, a ninka da tsawon, sannan a ninka da 0.08. Gungume mai kewayen mita 1.5 da tsawon mita 3 zai ba da kimanin kubik mita 0.54. Sai dai mai saye ya san ba duka zai zama katako ba, tun da tsagawa da injin zarto tana cin kusan santimita guda a kowane layi, kuma sau da yawa abin da ake samu bai kai rabin gungumen ba.

Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa yana iya zama ruwa, kuma a nan ƙasar matsalar bushewa ita ce saurinta. Katakon da aka jingina a rana da hunturu bayansa yana bushewa cikinsa da sauran ruwa, sai ya tsattsage ya murɗe. A jera shi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa kamar rabin mita a kan bulo saboda gara, a sa ƴan siraran sanduna busassu masu kauri ɗaya tsakanin kowane jeri, tazarar rabin mita, kowace sanda daidai saman ta ƙasanta, sannan a ɗora nauyi a sama. Bakin katakon biyu ne ke fara tsagewa, kuma a nan fenti yana da amfani, a shafa shi tun ranar da aka tsaga.

Katakon da ake sayarwa a kasuwar Katako galibinsa daga ƙasashen kudu ake shigo da shi, irin su Najeriya da Gana da Benin. Farin katako ba shi da nauyi, yana da sauƙin aiki, ya dace da allunan zuba kankare da silin, amma gara da ƙwari suna sonsa. Jan katako ya fi tsada, ya fi jure wa ƙofa da taga. Mai saye ya je da mitarsa, domin kaurin da ake faɗa da baki ba kullum yake cika ba. Ya ɗaga kan katakon zuwa idonsa ya hango tsawonsa don ganin ko ya lanƙwashe, ya duba ƙananan huji masu zubar da gari, ya kuma gwada nauyin biyu masu girma ɗaya, domin wanda ya fi nauyi da sanyin taɓawa bai gama bushewa ba. Ga mai sayen da yawa, katako mai tsawon mita 4, faɗin santimita 30 da kaurin santimita 3, kusan guda 28 ne ke cika kubik mita ɗaya, kuma da wannan lissafin ake gane ko farashin sari ya yi daidai. Azarar giginya da ake kawowa daga yankin Gaya a nemi takardarta. Madobiya kuma tun 2017 tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa, saboda haka wanda aka yi wa tayinta da arha ya yi taka-tsantsan.

Mai niyyar shiga fataucin itacen girki ya san cewa tun dokar 92-037 ta 21 ga Agustan 1992 aka kafa tsarin kasuwannin itace na karkara, inda mutanen ƙauye ke sara a dajinsu bisa ƙayyadadden adadi su sayar wa masu motoci. Ma'aunin shi ne tulin itace mai mita ɗaya ta kowane gefe, kuma harajin itacen da ya fito daga dajin da aka tsara ya fi sauƙi a kan na wanda aka saro barkatai. Takardar da ake bayarwa a wurin lodi ita ake nunawa a shingayen shiga gari. Sabara da geza da taramniya da ake lodowa duk suna sake tofowa idan an sare su yadda ya dace.

Wannan ya shafi kututturen da aka bari a gida ko a gona. Idan ana son ya sake ba da sanda, a yanke shi ƙasa-ƙasa, kamar taki guda daga ƙasa, a ɗan karkata yankan don ruwa ya zurare. Zai fito da tofo da yawa. Bayan ƴan watanni a zaɓi biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, musamman waɗanda suka fito kusa da ƙasa, a cire sauran, a rage wa zaɓaɓɓun ƙananan rassansu har zuwa rabin tsawonsu. Wannan shi ne sassaben zamani da manoman Maraɗi suka fara yaɗawa a shekarun 1980, wanda gwamnati ta fitar da dokar da ta tsara shi a watan Yulin 2020. A kewaye tofon da ƙaya saboda awaki, a kuma riƙa komawa duk bayan wata uku ko huɗu ana cire sababbin da suka fito a gindin.